Kibiya Ɗaya, Kibiya Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu ranar wata Talata da hantsi a wani asibiti a Treichville, washegari bayan azahar muka kai shi makwancinsa a Williamsville. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Kafin mu dawo gida a unguwar Bracodi an riga an kafa rumfar tamfol a ƙofar gida, ta cinye rabin titi, an jera kujerun roba. Maƙwabtanmu Jula suka zo layi-layi suna addu'a da harshensu. Tsohuwar nan 'yar ƙabilar Bawule mai sayar da aceke, dambun rogo, a kwanarmu ta riƙe hannun Inna tana ta cewa "Yako, yako," wato sannu da harshensu, hawaye na zuba. 'Yan tiranzit, masu aikin fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa, suka zo da rigunan aikinsu, wasu ko zama ba su yi ba, suka tsaya a bakin rumfa suna girgiza kai. Wani direban babbar mota da ban taɓa gani ba ya tsuguna a gefe ya yi kuka mai sauti, har sai da aka ba shi ruwa.

Ni ne babban ɗan marigayi, ni aka zaunar a kujerar tsakiya. Mijin ƙanwata yana hannun damana.

Can sai ga wani Alhaji ɗan Kano mai shigo da tayil, wanda ya daɗe yana hulɗa da biron Baba, wato ofishinsa. Ya shigo rumfar, ya wuce ni kamar bai ga mutum ba, ya kama hannun mijin ƙanwata da hannu biyu.

"Sannu, ɗan marigayi. Mun yi rashi. Wallahi kai nake ta tunani tun da na ji labari."

Mijin ƙanwata ya sunkuyar da kai, ya nuna ni. "Alhaji, ga Yaya nan, shi ne babban ɗansa."

Alhajin ya juyo. "Af, kai ne mai aiki a unguwar Plateau? Allah Ya ba da haƙuri." Ya ba ni hannu ɗaya, ya koma wurin wancan ya ci gaba da magana a kan yadda Baba yake yabonsa.

Ba shi kaɗai ya yi haka ba. Duk wanda ya san Baba ta wajen aiki, wurin mijin ƙanwata ya nufa. Ni kuwa ina zaune ina amsa "amin, amin," raina yana tafasa, a ranar da ya kamata a ce ba abin da ke cikinsa sai baƙin cikin rashin uba. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da irin mutumin da Baba yake. Amma na gwada sau biyu in rubuta shi ba tare da na faɗi abin da ke raina ba, ya ƙi rubutuwa. Don haka zan faɗa.

Baba ya baro ƙasar Maradi yana saurayi. Ya fara da tallan agogo da tabarau a kasuwar Roxy, a tire. Da yake ya ɗan yi lakwal, wato boko, yana iya rubuta Faransanci, sai wani ofishin tiranzit ya ɗauke shi yana kai takardu duwan, wato kwastan, yana dawowa. Yana nan aka kawo kwamfuta ofishin, irin ta da, mai baƙin allo, ba hoto ba komai sai rubutu. Manyan akawuna suka guje ta. Shi kuwa in an tashi cin abincin rana sai ya ja kujera ya zauna bayan mai haɗa ta, yana kallon yatsunsa. Da haka ya koya, ba malami ba littafi. Daga baya ya buɗe nasa biron, ɗaki ɗaya a saman shagon wani mai sayar da tayoyi a Treichville, yana yi wa 'yan kasuwarmu Hausawa aikin fitar da kaya daga tasha.

Har ya mutu da yatsa biyu yake buga rubutu. Kuma har ya mutu bai yarda ya rabu da baƙin allo ba, ko da aka sauya mashin sau nawa.

Kowace safiya akwai wani ɗan shiri da ya haɗa da kansa, wanda yake tattaro masa labarin kwantenonin mutanensa: wacce tana kan ruwa, wacce an sauke, wacce duwan ta saki. In ya sa shi aiki, layuka su zubo a allo da gudu, na sama su ɓace kafin ka karanta. Baba ba ya yarda da abin da ya wuce a allo. Sai ya sa alamar nan > a ƙarshen umarni, ya bi ta da sunan fayil, duk abin da zai fito a allo sai ya karkata ya shige fayil ɗin. Kibiya yake ce wa alamar.

"Kibiya ɗaya," in ji shi, "ta share duk abin da ta tarar, ta zuba sabo. Kibiya biyu ta bar na da a wurinsa, ta ƙara sabo a ƙasa. Kada ka haɗa su."

Tambayarsa guda ce ga duk wanda ya zo masa da labari: "Ka kama?" Nufinsa, ka ajiye shi a rubuce? In ka ce masa ka gani da idonka, sai ya ce idonka ba zai je duwan ya ba da shaida ba. Har cikin gida ya shigo da ita. Likita ya gaya wa Inna yadda za ta sha magani, ta dawo tana faɗa, ya ce, "Kin kama?" Ta ce masa ita ba mashin ba ce. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya ɗauko alƙalami ya rubuta a jikin kwalin.

Baba ne ya sa ni makarantar kwamfuta a Cocody. Da na gama na zo biro da takardata da girman kaina. Na ce masa baƙin allon nan zamaninsa ya wuce, yanzu dannawa ake yi. Bai yi gardama da ni ba. Ya matsar da kujera ya ce in zauna, ya nuna mini komai sau ɗaya, ya ce tunda na yi karatu ba sai ya maimaita ba. A lokacin na ɗauka girmamawa ce.

Akwai rana ɗaya a cikin watannin nan da nake riƙe da ita. Wata mata ta hau benen biro da goyo, ba ta daɗe da fita takaba ba. Mijinta ya taɓa ce mata ya yi odar kekunan ɗinki suna hanya, ya rasu bai bar takarda ba, 'yan'uwansa kuma suka ce ba su san da zancen ba. Ba ta san lambar kwantena ba, ba ta san sunan jirgi ba. Baba ya ba ta kujerarsa, ya aika a sayo mata ruwan sanyi, ya ce in zo mu duba. Muka bi tsofaffin fayiloli ɗaya bayan ɗaya tun hantsi. Yana da wata dabara da yake yi in mai kaya yana zaune: umarnin da ake kira tee, wanda yake raba abin da ya fito gida biyu, ya shiga fayil kuma ya bayyana a allo. Sai ya juya allon ya fuskanci mutum, ko da mutumin bai iya karatu ba, yana bin layi da yatsa yana fassara masa da Hausa. Ya ce mai kaya yana da haƙƙin ganin kayansa suna wucewa. Haka ya yi wa matar nan. Gab da la'asar na ci karo da sunan mijinta, an rubuta shi da kuskuren harafi ɗaya, shi ya sa bincike bai kamo shi da farko ba. Kayan suna tasha, an sauke su. Matar ta rufe fuska da mayafi. Baba ya dafa bayan kujerata ya ce, "Madalla." Ya bi mata kayan har suka fita, bai karɓi komai a hannunta ba.

Bayan wannan da 'yan makonni na yi ɓarnar da ta raba mu.

Wata safiya Baba ya tafi duwan da wuri, ya bar mini aikin safe. Ina waya da wani abokina, ina bugawa da hannu ɗaya. Na sa kibiya, na rubuta sunan babban fayil ɗin da yake tara labarin kowace rana a ciki, na danna. Ban ga komai ba, mashin bai ce uffan ba. Na ci gaba da hirata.

Da azahar wani mai shigo da kayan babur ya hau bene yana faɗa. Kwantenarsa ta yi kwanaki a tasha bai sani ba, in ji shi, biro bai sanar da shi ba. Baba ya san ya gaya masa, ya tuna har ranar, kuma ya san fayil zai nuna ranar da aka saki kayan da alamar da yake sawa in ya sanar da mutum. Ya ce masa ya zauna, yanzu zai gani da idonsa. Ya buɗe fayil. Layukan ranar kawai ne a ciki. Kwafin da yake ɗauka duk ƙarshen wata bai kai ga kwanakin da ake gardama a kansu ba.

Ya daɗe yana kallon allon. Bai juyo ba ya ce, "Kibiya nawa ka sa?"

Na ce, "Ɗaya."

Mutumin ya sauka yana zage-zage. Da la'asar Baba ya ɗauki hularsa ya hau mota har Roxy, ya tsaya a ƙofar shagon mutumin a gaban yaransa da maƙwabtansa, ya ba shi haƙuri a kan laifin da bai yi ba. Bai ce ɗana ne ya goge ba. Mutumin ya kwashe aikinsa ya kai wani wuri, ya yi ta yawo da sunan Baba a kasuwa wata da watanni.

Na so ya yi mini faɗa. Na so ko mari ne ya yi, a wuce wurin. Abin da ya yi shi ne, washegari ya ƙara layi ɗaya a fayil ɗin da mashin ke karantawa duk sanda aka kunna shi, layin da ke hana kibiya ɗaya share fayil ɗin da ya riga ya wanzu. A samansa ya rubuta 'yar tunatarwa da Hausa: saboda yaron nan. Kowace safiya in na kunna mashin na san kalmomin suna nan. Ban cika shekara a biron ba na sami aiki a wani kamfani a Plateau, na tafi. Ya ce Allah Ya ba da sa'a, ya sa mini albarka. Bai ce in tsaya ba.

Mijin ƙanwata haifaffen Treichville ne, iyayensa mutanen Damagaram. Faransanci da Nushi, yaren samarin titi, sun fi zama a bakinsa, Hausarsa sai a hankali, har Inna takan gyara masa. Aikinsa ƙirga kwantenoni a bakin jirgi. Shekara biyu da aurensu kamfanin da yake wa aiki ya rage ma'aikata, ya zauna a gida. Baba ya aika masa ya zo biro ya riƙa zama, ya fi zaman banza. Mutumin da ko kunna kwamfuta bai iya ba.

Daga bakin ƙanwata nake jin labari. Wai Baba yana maimaita masa abu sau goma bai gaji ba. Wai ya sayi ƙaramin littafi yana zana kowace alama a ciki da abin da take yi. Wai tare suke saukowa su ci garba, aceke da soyayyen kifi, a rumfar ɗan Dosso da ke ƙasan bene, su raba kifi ɗaya. Ni wata goma na yi a biron nan, Baba bai taɓa cin abinci tare da ni a waje ba. Ƙanwata tana faɗa da murna, ni ina cewa "Masha Allah," da baki kawai.

Baba yakan ce kowane shiri baki biyu gare shi: bakin amsa da bakin ƙorafi. Kibiya ita kaɗai bakin amsa take kamawa. In abu ya lalace, ƙorafin ta ɗaya bakin yake fita, ya faɗo a allo. In kana so shi ma ya shiga fayil sai ka ƙara wata alama, 2>&1, wato baki na biyu ya bi na ɗaya inda ya nufa. Baba ya san alamar, amma shekara da shekaru kafin kibiya yake sa ta, saboda haka ƙorafi ya ci gaba da zuba a allo. Ya ɗauka haka halin mashin yake. Da yake kullum yana zaune yana gani, bai dame shi ba. Sai da ciwon sukari ya fara taɓa masa ido abin ya zama matsala, don ƙorafi yakan wuce bai gani ba.

Mijin ƙanwata ne, da littafinsa da gwaje-gwajensa, ya matsar da alamar zuwa ƙarshen layi, bayan sunan fayil. Komai ya shige ciki.

Ranar Ƙaramar Sallah muna zaune a tsakar gida, ga kawunnai ga baƙi, Baba ya ba da labarin nan tun daga farko, har yana zana alamar a iska da yatsa. "Shekara nawa ina fama da abin nan," in ji shi, "sai ga ɗan nan ya zo ya warware shi da safiya ɗaya. Allah Ya ba shi kai."

Mijin ƙanwata yana ta kallon tabarma. Ni ban san sanda magana ta fita daga bakina ba.

"Ai wannan a shekarar farko ake koyar da shi, Baba."

Baba ya juyo inda muryata take, don a lokacin ba ya gani sosai daga nesa.

"To ai ka yi wata goma a biron."

Ya miƙa hannu ya ɗauki kofin shayinsa. Wani kawu ya yi sauri ya kawo zancen cunkoson motoci. Gaskiya ya faɗa. Na ga layin nan sau ɗari, na san a karkace yake, ban taɓa gyarawa ba, don a ganina duk tsarin nasa bai kai in ɓata lokaci a kansa ba.

Abin da ya fi wannan muni shi ne wanda zan faɗa yanzu, kuma ban taɓa gaya wa ko matata ba.

Da idon Baba ya ƙara rauni ya daina zuwa biro kullum. Mijin ƙanwata ne yake biyowa gida da yamma ya karanta masa fayil ɗin ranar, layi-layi. Wata rana na'urar buga takardunsu ta ƙi aiki, ya roƙe ni in biyo biro in duba. Na gyara. Kafin in tashi na leƙa shirin safe, don son sani kawai nake gaya wa kaina. Sai na ga ya sauya abu: bakin ƙorafi ya karkatar da shi zuwa /dev/null, wurin da Baba ke kira kwandon sharar da ba ya cika, duk abin da aka jefa ciki ya tafi ke nan. Na san haɗarin. In tambayar wata kwantena ta gaza, ba wanda zai sani, za a ɗauka ba labari ne kawai.

Yana tsaye a bayana yana yi mini godiya. Kalma biyar ta isa in gaya masa. Na rufe na yi masa sallama. A cikin mota a kan gada ina jin wani daɗi mai ɗaci, na sami abin riƙewa.

Na riƙe shi har bayan Babbar Sallah. Wata Lahadi da yamma na tarar da su a ƙofar ɗakin Baba, yana karanta masa, Baba yana gyaɗa kai yana cewa "Yauwa, ɗana, ci gaba." Na zauna na jira ya gama. Sannan na ce, kamar abin yanzu ya faɗo mini, "Baba, ka san kuwa ƙorafin mashin ba ya zuwa maka? A shara ake zubar da shi."

Baba ya juya wajen surukinsa. "Haka ne?"

"Haka ne, Baba." Ya ajiye takardar. "Ƙorafin yana da yawa, yawancinsa maimaici ne, kuma na ga kana gajiya in karatun ya yi tsawo. Na ce bari in rage maka. Pardon, Baba. Ban yi tunani ba."

"Gobe da safe ka ba shi nasa fayil daban. Ka bi kwantenonin mutane ɗaya-ɗaya ka tabbatar ba wadda ta maƙale."

"To, Baba."

Na jira sauran. Ba sauran. Sai ya juyo wajena.

"Kai kuma yaushe ka gani?"

Na yi niyyar ƙarya, harshena ya ƙi. "Kafin azumi."

Ya yi lissafi a ransa, na ga leɓensa na motsi.

"Kayan mutane ne fa a ciki," ya ce a hankali. "Shi kuskure ya yi. Kai me za a kira naka?"

Inna da ke tankaɗe a gefe ta tashi ta shige ɗaki. Da aka bincika, kwantena ɗaya ce ta yi jinkirin kwana uku, Allah Ya taƙaita. Baba bai sake tayar da zancen ba. Ya ci gaba da karɓata kamar da, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, in zan tafi ya sa mini albarka. Mijin ƙanwata ma bai canza mini fuska ba, "Yaya" dai yake ce mini, ya karɓi jakata in na shigo. Wannan ma ya ƙara ba ni haushi.

Ba na so wanda ya karanta wannan ya ɗauka Baba mutum ne mai tsauri. Shi ne wanda in ya ji ɗan kasuwa baƙo ya sauka tashar motar Adjamé bai san kowa ba, zai sa a kawo shi gida ya ci tuwo. Shi ne wanda yake tsayawa a matakalar biro ya saurari mai tayoyi yana ba da labarin ciwon bayansa a karo na ashirin. 'Ya'yana in sun zo, aljihunsa suke fara lalubawa, ba su taɓa rasa dabino ba. Bai iya yabon na jikinsa a gaban idonsu ba, shi ke nan. Ni kuma ban iya roƙo ba.

Ranar Talatar, mijin ƙanwata ne ya kai shi asibiti a duba masa ƙafa kamar yadda aka saba. Suna jiran layi numfashinsa ya canza. Mijin ƙanwata ya kira ni sau huɗu, ina cikin taro na kife wayar a tebur. Da na gani na fito da gudu, na tarar gada ta cushe. Ina hango Treichville a tsallaken ruwa, mota ba ta motsi. Kafin in isa an rufe shi da zane.

Bayan addu'ar uku aka fara kwance rumfa. Mijin ƙanwata zai koma Treichville ya buɗe biro, don mutane suna jiran kayansu. Na ce bari in taka masa zuwa Roxy ya sami mota. Muna tafe a gefen titi, masu baro suna ture mu. Sai da muka kusa tasha na iya tambayar abin da ya hana ni cin abinci kwana uku.

"Me ya ce a ƙarshe?"

"Ya nemi ruwa, na ba shi. Ya yi kalmar shahada sau biyu."

"Kafin nan fa? Bai ambaci kowa ba?"

Ya tsaya. Ya dube ni, na ga ya gane abin da nake nema, na kuma ga yana auna ko ya ba ni. Da ya ƙirƙira, ba wanda zai taɓa ƙaryata shi.

"Bai ambaci kowa a cikinmu ba, Yaya. Ya tambaye ni ko jirgin da ya ɗauko atamfofin Hajiyar nan ta unguwar Marcory ya shigo. Na ce ya shigo da safen. Ya ce a sanar da ita, ta daɗe tana jira. Shi ke nan."

Allah Ya yafe mini, abin da na fara ji sanyi ne a raina: shi ma bai ambace shi ba. Sai kunya ta biyo baya ta rufe ni, har na kasa ɗaga ido.

"Ka sanar da ita?"

Ya dafe goshi. "Wallahi ya fita a kaina. Tun ranar ban san inda nake ba." Ya fara laluben waya.

"Ba ni lambarta," na ce. "Bari ni in kira."

Bai tambaye ni dalili ba. Ya karanto mini lambar, ya ja baya kaɗan ya ba ni wuri. Na toshe kunne ɗaya da yatsa saboda ihun yaran mota. Wata dattijuwa ta ɗauka. Na gaishe ta, na gaya mata daga biron Treichville ne, kayanta sun iso tasha tun Talata, kuma mai biron da kansa ya ce a sanar da ita kafin ya cika.

Ta ce, "Yana cikin wannan hali ya tuna da atamfofina?" Ta fashe da kuka. A nan, a tsakiyar Roxy, ni ma nawa kukan ya zo, wanda ya ƙi zuwa a makabarta. Mijin ƙanwata ya bar motoci biyu suka wuce yana tsaye kusa da ni.

Ya Allah, bawanka ne ya zo gare Ka, Ka fi mu sanin amanar da ya riƙe wa mutane. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sada shi da iyayensa da ya baro tun yana saurayi. Ka saka wa wanda ya riƙe masa kofin ruwa da alheri. Ni kuma Ka wanke mini zuciya, don har yau da sauran abin a ciki. Amin.